Yadda ake kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi a Legas

Ranar da kawuna ya zo gidana a Agege ya ga tankin, tsayawa ya yi yana kallon wani koren abu yana lilo cikin ruwa, can ya ce, "Kai ɗana, ciyawa kake ƙona wa wutar lantarki?" Na ce, "Kawu, ai murjani ne, kuma rai gare shi." Bai yarda ba, don murjanin da ya sani shi ne jan dutsen wuyan mata. Alhali dangi ne: wancan ƙashin wani murjani ne da ake cirowa daga Bahar Rum. Na kiwo kuwa 'yan ƙananan dabbobi ne da ke zaune a cure, kuma a jikin yawancinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke haɗa musu abinci daga haske. Ruwa na yin zafi fiye da kima sai su kore ta, su yi fari fat, su fara mutuwa. Kusan duk wahalar kiwon nan a Legas daga nan take tasowa.

Shi ya sa matakin farko ba sayen tanki ba ne, lissafin wuta ne. Murjani yana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 26, ɗakin Legas kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu yakan haura 30, ga zafin famfo da na fitila a kai. Turawa na'urar ɗumama ruwa suke saye, mu ta sanyayawa muke bukata, wadda masu shago ke kira cila. In aljihu bai kai ba, a ajiye tankin a ɗaki mai AC, a ɗora 'yar fanka tana hura saman ruwan. Takan rage digiri ɗaya ko biyu, amma ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri. Sai maganar ɗauke wuta. Murjani zai iya kwana biyu ba fitila, amma in ruwa ya daina motsi, iskar da ke cikinsa kan ƙare cikin 'yan awanni. Saboda haka famfon kewaya ruwa dole ya hau inbata, a kuma tanadi ƙaramin famfon iska mai batiri. Janareta kaɗai ba ya isa, don ba kullum ake gida ba balle a tayar da shi. Wanda bai warware wannan ba ya dakata tukuna.

Daga nan sai tanki. Kada ƙanƙanta ta ruɗe ka da sunan sauƙi: ruwa kaɗan shi ke saurin zafi, shi ke saurin ɓaci. Lita 150 zuwa 200 ta dace da ɗan koyo. Tankin lita 200 da duwatsunsa da gilashinsa yakan doshi kilo 300, don haka a samo masa ƙaƙƙarfan teburi a daben da ba ya karkata, nesa da taga mai rana. A haɗa da fitilar LED ta murjani mai yawan shuɗin haske, da famfon kaɗa ruwa, da sikima, wato na'urar da ke tsame datti ta hanyar kumfa.

Ruwa shi ne inda mutanenmu suka fi yin kuskure, don mutum zai ce ga teku nan a Lekki, me zai hana a ɗebo? Ruwan bakin gaɓa yana ɗauke da datti da mai da cuta, na lagun kuwa gauraye ne da ruwan daɗi. Na 'yan garuwa da na bohol da fiya wata su ma a bar su, domin abin da ba ya cutar da mutum, kamar ɗan sinadarin jan ƙarfe ko fosfet, yana kashe murjani ko ya cika tanki da gansakuka. Abin da ake yi shi ne a tace ruwa da na'urar RO/DI, wadda ke tsame duk sinadaran da suka narke a cikinsa, sannan a zuba masa gishirin teku na musamman da ake sayarwa a bokiti. Ba gishirin miya ba: wannan yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran abin da murjani ke gina jiki da shi. Wajen giram 35 zuwa 38 ake sa wa kowace lita, kuma gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba. A bar famfo ya juya shi ya kwana, a auna da rifraktomita, wato ma'aunin yawan gishirin ruwa, har ya zauna a 1.025 ko 1.026.

Sai a shimfiɗa farin yashin aragonayit, a jera duwatsu masu ramuka da 'yan koguna, a cika ruwa, a kunna komai. Yanzu sai haƙuri, na sati huɗu zuwa shida, tanki ba kifi ko ɗaya. Kashin kifi yana zama amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ke mayar da ita naitirayit, ita ma guba, wasu kuma su mayar da wannan naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyin ake jira su yi gida a duwatsu. A jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, ko a zuba bakteriyar kwalba, a riƙa gwaji duk kwana biyu ko uku. Sai amoniya da naitirayit sun hau sun sauko sifili ake cewa tanki ya nuna. A tsakani wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, 'yan gida su fara yi maka dariya. Ba komai, takan wuce, dodon koɗin teku kuma yana taimakawa wajen lashe ta.

Gaɓar tekunmu ba ta da tsaunukan murjani irin na Indonesiya ko Kenya, saboda laka da ruwan daɗin da koguna irin su Neja ke kwararowa. Don haka abin da ke shagunan Legas ta jirgi ya zo, a gajiye, da farashin dala. Kada ka sayi kifin da ya sauka jiya, kuma ka ce mai shago ya ba shi abinci a gabanka. A fara da biyu daga ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane uku, wanda ake ce wa kilawun. Yana da juriya, musamman wanda aka ƙyanƙyashe a tanki. Bayan sati biyu ko uku a ƙara gobi, wani ɗan kifi mai zama a ƙasan tanki. Shuɗin damsel arha ne amma mafaɗaci, shuɗin tang kuwa ya fi ƙarfin wannan tanki. Kowane sabon kifi ya yi sati uku zuwa huɗu a wani ƙaramin tanki daban, saboda cutar farin ɗigo: maganinta akwai jan ƙarfe a ciki, ba ya shiga inda murjani yake har abada. In an kawo kifi a bar ledarsa ta yi iyo minti 20, a riƙa ɗiga mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan a cire shi shi kaɗai, ruwan shago a zubar.

Murjani a fara da masu taushi: mai kama da naman kaza, da mai kama da fata, da koren tauraron nan da kawu ya kira ciyawa. Masu ƙashi da rassa a bar su sai tanki ya kusa shekara. Su ke neman kalsiyam 400 zuwa 450 da alkaliniti (ƙarfin da ruwa ke da shi na hana kansa yin tsami) 8 zuwa 9 a ma'aunin kayan gwaji, ba hawa ba sauka, kuma shigo da su sai da takardar CITES, wato izinin yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirran da ciniki ka iya ƙarar da su. Waɗanda ake kira zowa, masu kamar furanni, suna da kyau da sauƙi, amma wasunsu na ɗauke da mummunar guba. A sa safar hannu da tabarau, kada kuma a taɓa dafa dutsen da suka zauna a kai, tururinsa ya isa ya kwantar da mutanen gida.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Fitila awa takwas zuwa goma. Abinci abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk sati ko sati biyu a canza kashi goma cikin ɗari na ruwan. Wanda ya ƙafe kuwa da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, don gishiri ba ya tashi da tururi. Maganin sauro na feshi kada ya shiga ɗakin, guba ce ga kifi; haka hannu mai man shafawa ko turare kada ya shiga ruwa.

Sai tafiya gida Sallah. Ni ta taɓa ci na da kifi uku, batirin inbata ya ƙare ba kowa kusa. Yanzu kafin in kama hanyar Kano sai in ƙulla abincin kowace rana daban, in zana layi a gilashi inda ruwa zai tsaya, in ajiye jarkar tataccen ruwa a gefe, in nuna wa ƙanina yadda ake kunna famfon batiri, in ce masa, "In ma'aunin zafi ya wuce 28, ka saka robar ƙanƙara a rufe cikin ruwan, ka kira ni ko da tsakar dare ne."