Kafin ku sayi Nintendo Switch

Jama'a, mai son Switch, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Nintendo, ya nemi ta hannu yanzu, ya bar sabuwa a kwali.

Tun da magajiyarta Switch 2 ta fito a Yunin 2025, mutane ke sayar da tsofaffinsu su cika kuɗin sabuwar. Kaya ya yi yawa, sai ku taya da sauƙi. Wasanninku ma ba asara ba ne, yawancinsu suna aiki a Switch 2.

Amma ku gwada kafin ku biya. Ku saki sandar Joy-Con, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, in ɗan wasan yana tafiya da kansa, ta lalace. Ku duba batir.

Dabarar ba ta ci a 3DS, wata tsohuwar ƙaramar na'urar wasa ta Nintendo. Tun 2020 aka daina ƙera ta, masu ita riƙewa suke yi.