Kurakuran da ke kashe karanshaf ɗin tsohuwar Vespa da sauran babura masu shan tu-ti

Jama'a masu tsohuwar Vespa, da masu Yamaha RX100, da Suzuki A100 ko AX100 da Jincheng mai irin injinta, maganar karanshaf nake so mu yi, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, domin wallahi abin yana damuna. Yawancin karanshaf ɗin da na gani ya lalace har ya wuce gyara ba hanya ce ta kashe shi ba, a gareji aka kashe shi ranar da aka buɗe inji da niyyar gyara. Kuma tsofaffin injinan nan ba ƙaruwa suke yi ba, RX100 tun 1996 aka daina ƙera ta a Indiya, to duk wanda aka ɓata ya tafi kenan.

Sai an fara gane yadda abin yake. Karanshaf na inji mai shan tu-ti, wato man injin da ke ƙonewa tare da fetur, ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne irin na mota, faifai biyu ne masu nauyi da fin a tsakaninsu, konrod, sandar da ta haɗa shi da fistin, yana zagaya fin ɗin a kan boris mai allurai, a yawancinsu da washa biyu gefe da gefe. Babu noti ko ɗaya da ke riƙe da faifan nan, matsi ne kawai, an tura fin ɗin cikin raminsa da ƙarfin tan da yawa. Sannan babu baƙin mai a ƙasa da yake wanka a ciki, ɗan man da ya biyo fetur shi kaɗai yake samu. Duk kurakuran da zan faɗa daga rashin tuna waɗannan abubuwa biyu suke tasowa.

Babban cikinsu guduma. Za a cire maganeto babu fula, wato ƙarfen jawo shi, sai a sassauta noti a zura sukundireba ta baya a bankara, yaro ya dinga dukan kan shaf har ya saki. Ya saki ɗin, amma zaren noti ya taushe, boris ya sha duka, kuma faifai ɗaya ya ɗan murɗe a kan fin ɗinsa yadda ido ba zai taɓa gani ba. Haka wajen raba kes, wato jikin injin da karanshaf ke zaune a ciki, haka wajen mayar da shi, a ɗora katako a buga. Fular maganeto ba tsada ne da ita ba, kowane inji da girman zarensa, a nemi tasa. Wajen mayarwa kuma jawo shaf ake yi ta zarensa da ɗan bututu da washa da noti, a hankali har ya zauna. In bakanike ya ce maka "ai haka muke yi kullum", dan Allah ɗauke injinka ka yi gaba.

Sai gwaji. Mutane da yawa suna kama konrod su ga yana motsi hagu da dama sai su ce ya mutu, alhali wannan motsin na gefe dole ne, da shi aka ƙera shi. Wanda ba a so shi ne na sama da ƙasa. Ka juyo konrod ya zo can sama, ka riƙe shi tsaye ka ja ka tura, in ka ji ko ɗan ƙas-ƙas to boris ɗin ciki ya tafi. Amma fa ka wanke shi da fetur tukuna, don tsohon mai mai kauri yana cike gurbin ya ɓoye motsin, ka rufe inji kana murna bayan sati biyu ya soma ƙwanƙwasa. Ka duba launin gindin konrod ɗin ma, in ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa to ya taɓa ƙonewa saboda rashin mai, kar ka yarda da shi ko bai motsa ba.

Wajen sayen kaya kuwa nan ake asarar kuɗi. Mutum zai je shago ya ce a ba ni karanshaf na Vespa, shikenan, kamar Vespa iri ɗaya ce. Kamfanin Piaggio na Italiya tun 1946 yake yin ta, PX ta fito a 1977, ga Bajaj Chetak da LML na Indiya da suka samo asali daga gare ta, a ido duk kusan ɗaya suke amma ba komai nasu ke shiga na juna ba. PX 150 da PX 200 tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, milimita 57, amma konrod na 150 milimita 105 ne da fin ɗin fistin na 15, na 200 kuma 110 ne da fin na 16. Tsinin da maganeto ke zama a kai ma na tsofaffin da suka riga PX ya fi siriri. Haka RX100 da AX100, dukkansu 50 da 50 ne a faɗi da tafiyar fistin, wannan bai sa kayan ɗaya ya hau ɗaya ba. Abin yi mai sauƙi ne, ka tafi da tsohon a hannunka da baniya, wato ƙarfen auna kauri da tsawo, ka rubuta lambar inji a takarda, a auna a gabanka: tsawon konrod daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, kaurin fin, wajen zaman boris da sil (robar da ke tare mai da iska), da tsinin maganeto. Ko Kofar Ruwa ka je a Kano ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Nnewi a turo maka, kwali ba shaida ba ne, jabu ma a kwali mai kyau yake zuwa.

Karanshaf na kwance da ake samu wajen 'yan gwangwan sau da yawa ƙarfensa ya fi sabon na araha, ni dai ina son su, amma injin da ya kwana damina a waje ruwa ya shiga ta kafireto ya kwanta a ƙasan kes, tsatsa ta ci fin da allurai. Ka saye shi saboda faifansa da shaf ɗinsa, ka sa a ranka cewa konrod da fin da boris sabbi za ka sa. Ka bi wajen zaman sil da farce, in ka ji kwari ya zagaye shi to sabon sil ba zai riƙe a nan ba.

Masu Vespa akwai abin da ya shafe ku ku kaɗai, kuma makanikai da yawa da suka saba da babur ba su san shi ba. A injinta gefen faifan karanshaf na ɓangaren kuloci shi ne bawul ɗin shigar mai, yana wucewa daf da wani ɗan fili mai santsi a jikin kes ƙarƙashin kafireto, yana buɗe ramin yana rufewa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda ba. To sai ka ga an ɗauki sanfefa mai kaushi ana goge faifan wai ana cire tsatsa, ko a kankare filin nan da wuƙa. Daga ranar Vespa ta soma tofo fetur ta kafireto, tashi da wuya, silo ba ya zama, a yi ta canza fulogi ana wanke kafireto ba a san daga ina ba ne. Haka in an bar boris ya yi sako-sako ana ta hawa, faifan zai dinga gugar filin yana tsaga shi. Tsumma da kananzir sun isa wajen nan. In filin ya riga ya tsage sai an kai wa wanda ya iya cike shi ya daidaita, ba aikin gaggawa ba ne.

Yanzu matsi da saiti. Kafin a fitar da tsohon fin a auna faɗin faifan biyu daga waje zuwa waje a rubuta, nan za a tsaya wajen matsewa. Wanda bai auna ba ko ya matse konrod ya kasa juyawa, ko ya bar shi da faɗi ya ƙi zama daidai a kes. Kuma ba a sa sabon konrod a kan tsohon fin don ragin kuɗi, su biyun tare ake canza su da boris da washa. Bayan an matse ba a gama ba, nan ma aikin ya fara, don faifan biyu ba sa taɓa fitowa a saiti da kansu. Ana ɗora shi a kan ƙarafa biyu masu bakin V, a kafa agogon awo a kan shaf kowane ɓangare, a juya a hankali ana kallon allurar tana lilo. Inda ta fi tashi a sa alli, a ɗauke shi a riƙe a hannu a ba faifan duka ɗaya da gudumar tagulla, a mayar a sake juyawa. In faifan sun buɗe baki ta gefe ɗaya a matse, in sun tsuke a sa ƙarfe a ɗan buɗa. Ana iya yin haka sau da yawa kafin allurar ta kwanta. Abin da ake nema kar lilon ya wuce milimita 0.03, wato bai kai kaurin silin gashi ba, kaga kenan mai cewa ya saita da ido ko ya mirgina shi a kan benci ya ga daidai ne bai yi komai ba. Karanshaf marar saiti shi ke sa hannu ya mutu da karkarwa, ya cinye sabon boris da sil cikin 'yan watanni. Masu ɗiga walda a kan fin don kar ya murɗe, in ma za a yi sai bayan saiti, a sake aunawa bayan ya huce don zafi yana jan ƙarfe, kuma ka sani ka wahalar da wanda zai buɗe shi nan gaba.

Boris na gefe kuma a duba lambar tsohon, in da C3 a jiki a sayi mai C3, an bar masa ɗan sarari ne saboda zafi. Kar a sa mai murfin roba a inda mai ya kamata ya ratsa. Ba a buga shi cikin kes da sanyi, a ɗumama kes ɗin har ɗigon ruwa ya yi cuu a kai, boris ya kwana a firiza, zai faɗa gurbinsa kusan da kansa. In an buga da ƙarfi yana yagar alminiyon, gobe boris ya dinga juyawa cikin gurbin.

Sil kuwa duk wanda ya raba inji ya mayar da tsoho ya yi aikin banza, kuɗinsa bai kai na fetur ɗin kwana ɗaya ba. Na ɓangaren maganeto in ya saki iska yake ja, inji ya dinga ihu shi kaɗai ya ƙi sauka, ya yi zafi har fistin ya kama. Na ɓangaren kuloci man giya yake zuƙa, farin hayaƙi mai kauri da wari daban, fulogi kullum a jiƙe, man giya yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba. Ka ɗauki hoton yadda tsohon yake zaune kafin ka cire, ka shafa wa leɓen sabon mai, ka rufe zaren shaf da ramin ki (ɗan ƙarfen da ke shiga tsakanin shaf da maganeto) da salatef kar su yanke shi wajen shiga.

Ɗan ki ɗin maganeto ba shi ke riƙe maganeto ba, tayimin kawai yake nunawa, tsinin ne ke riƙewa. In yana yawan yankewa to tsinin ne bai kama ba ko noti bai ɗauru ba, a cire ki a wasa su biyun da man wasa bawul, a wanke tas, a ɗaure a bushe. Masu sassaƙa ki daga ƙusa suna faɗaɗa ramin ne kawai.

In an rufe inji kuma sai a kula da abin da yake sha. Baƙin man mota a cikin fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata, gawayi yake tarawa ya daskarar da ringi. Vespa irin su PX kashi 2 cikin ɗari take so, mililita 20 na tu-ti a kowace lita, a auna da sirinji ko ɗan kofi, ba a tsiyaya da ido a gidan mai ba. Masu cire famfon mai su koma haɗawa a tanki su yi hattara da tsofaffin Suzuki masu tsarin CCI, a wasunsu famfon kai tsaye yake kai mai ga boris ɗin karanshaf, in ka cire shi ka bar wajen da ƙishi. In ka bar famfon kuma ka fitar masa da iska bayan haɗawa, tankin farko ka ɗan haɗa mai a fetur kafin bututun ya cika. Sannan matatar iska, a injin nan duk iskar da ta shiga sai ta bi ta kan konrod da boris kafin ta hau sama, to mai yawo ba matata cikin ƙurar hunturu yashi yake ɗura wa sabon aikinsa kai tsaye. A wanke ta duk sati a wannan lokacin, in soso ce a ɗan jiƙa ta da mai a matse kafin a mayar.