Yadda ake ceto ƙaramin itacen da ke neman ɓacewa kafin a share fili

Idan an ware fili don hanya ko gini, kuma akwai wani ƙaramin itace na asalin wurin da ya fara ƙaranci, aikinka yana farawa ne tun katafila ba ta iso ba. Ni ina son a ba ni aƙalla shekara guda, domin sai na ga furensa, na ga 'ya'yansa sun nuna. Ka nemi izinin hukumar muhalli kafin ka taɓa ko ganye.

Wajen tara iri ne mutane suka fi yin ganganci. Sai su tsaya a gindin itace ɗaya mai yawan 'ya'ya su cika jaka. Kada ka yi haka. Ka zagaya, ka ɗebo daga uwaye talatin zuwa hamsin idan akwai, masu nisa da juna, kowace da ambulan ɗinta da lambarta. Wanda katafila za ta tuge, kwashe irinsa duka. Wanda zai tsira, kada ka wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya nuna. Iri mai taurin ɓawo sai an kankare gefensa kaɗan, ko a jiƙa shi da ruwan zafi ya kwana.

In iri ya ƙi tsirowa, koma ga reshe. Da sassafe ka yanko mai tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba. Cire ganyen ƙasa, tsoma gindin a garin da ke sa fitar saiwa, ka soka cikin yashi mai danshi, ka rufe da farar leda a inuwa. Sai dai ka sani, abin da ya fito daga reshe uwarsa ce sak, don haka ɗari daga gindi ɗaya tamkar ɗaya ne. Wasu itatuwan kuma akwai mace akwai namiji, dole ka haɗa duka biyun.

Ƙasar da za ka cika ledojin reno, ka gauraya ta da 'yar kaɗan daga gindin uwayen, saboda ƙananan halittun da ke cikinta suna taimakon saiwa. Makonni kafin dashe, rage ruwa da inuwa sannu a hankali.

Sabon wurin ya yi kama da tsohon ta fuskar ƙasa da hasken rana da yadda ruwa ke kwanciya, kuma ka tabbata a rubuce cewa ba za a gine shi gobe ba. Yi dashe idan damina ta zauna, ka dasa fiye da adadin da aka rasa, don wasu za su mutu. Kafa shinge ranar da ka dasa, ba washegari ba. Awaki ba sa jira.

Daga nan sai bibiya, shekara uku zuwa biyar. Riƙa ƙirga masu rai da lambobinsu, ka maye gurbin matattu, ka nome ciyawa, ka lura da gara. Ni ba na sa hannu a rahoton kammala aiki sai na ga waɗanda aka dasa sun yi fure, sun zubar da iri, sababbi sun tsiro a gindinsu da kansu.