Yadda Ake Tsare Ƙuri'a a Zaɓen Kujerar Majalisa Idan An Yi Kankankan

Ba zan ɓata lokaci kan sayen fom, zaɓen fitar da gwani ko buga fastoci ba, kowa ya san waɗannan. Abin da na sha gani shi ne sabon ɗan takarar majalisar ƙasa ya ƙarar da abin hannunsa wajen gangami da hayar motoci, ranar zaɓe kuma rabin rumfunan mazaɓarsa babu mai tsaya masa. Taro ya cika fili, hotuna sun yi kyau a Facebook, takardar sakamako ta tafi ba wanda ya duba ta.

Kujerar majalisa mazaɓarta ƙarama ce, don haka 'yan ƙuri'u kaɗan kan yanke hukunci. A 2017, a mazaɓar North East Fife da ke Sikotilan, Stephen Gethins ya riƙe kujerarsa da ratar ƙuri'a 2 bayan an sake ƙirge har sau uku. A 2020, a mazaɓa ta biyu ta jihar Iowa a Amurka, Mariannette Miller-Meeks ta kayar da Rita Hart da ƙuri'a 6 cikin kusan 400,000. A Indiya a 2024, kujerar Mumbai ta Arewa maso Yamma da ƙuri'a 48 aka ci ta. Rumfa ɗaya da aka yi sakaci da ita ta isa ta juya kowanne daga cikinsu.

Na farko, kasa rumfuna kashi uku. Nemo sakamakon zaɓen da ya gabata rumfa-rumfa, ka ware inda kake da ƙarfi, inda abokin hamayya yake da ƙarfi, da inda ake ja-in-ja. Masu koyo suna tura gwanayensu inda ake ƙaunarsu, don can ne zama ya fi daɗi. Kuskure ne. Jarumin wakilinka ka kai shi gidan abokin hamayya, domin can ne za a iya ƙara lamba ba mai ɗaga murya.

Na biyu, wakili. Ni ƙa'idata mutum biyu kowace rumfa, ko da mutum ɗaya doka ta yarda ya tsaya kusa da akwati. Na biyun yana waje, ya karɓe shi idan larura ta taso. Wakili ya iya karatu da lissafi, ya zama ɗan unguwar da ya san fuskokin mutane. Ka miƙa sunayensu ga hukumar zaɓe kafin wa'adi, don wanda ba shi da katin shaida ɗan kallo ne kawai. Batun kuɗi: ka biya rabi da safe, rabi idan ya kawo takarda mai sa hannu. Wasu na cewa rowa ce. Su ce. Wanda aka biya duka tun da safe, la'asar na yi za ka neme shi ka rasa. Kuma kada ka yi ƙyashin sayen batirin cajin waya, ya fi fosta dubu amfani.

Na uku, ƙirge da takardar sakamako. Nan ne nake so ka zauna, domin nan muka taɓa ƙonewa. Wani wakilinmu, mutumin kirki, malamin zaɓe ya ce masa dare na yi, kowa ya sa hannu tun yanzu a rage aiki. Ya sa hannu a takardar da ba a rubuta komai ba. Lambar da ta fito daga baya ba ita muka ƙirga ba, amma da muka je gaban alƙali, sa hannun namu wakilin aka nuna mana. Muka yi shiru.

To ka koya wa wakili wannan har ya haddace. Tun da safe ya ga akwati a buɗe babu komai kafin a rufe shi, ya rubuta lambar abin da aka liƙe shi da shi, ya rubuta yawan takardun ƙuri'a da aka kawo. Da an gama jefawa, kafin a buɗe akwati, ya nemi adadin waɗanda aka tantance. Bayan ƙirge sai lissafi biyu: ƙuri'u masu kyau da waɗanda aka soke, jimillarsu kada ta wuce adadin waɗanda aka tantance; sannan takardun ƙuri'ar da aka yi amfani da su, da waɗanda suka lalace, da waɗanda suka rage, su yi daidai da abin da aka kawo da safe. In bai daidaita ba, ya faɗa a wurin, da murya, gaban sauran wakilai, ya kuma rubuta ƙorafi da lokaci.

Ƙuri'un da ake sokewa su ne masu koyo suka fi rainawa. Wakili ya tsaya kan kowace ɗaya, ya ga dalilin soke ta. A Winchester ta Ingila a 1997, Mark Oaten ya ci da ƙuri'a 2, kotu ta rushe zaɓen saboda takardu fiye da hamsin da aka ƙi ƙirgawa don ma'aikata ba su buga musu tambarin hukuma ba. Da aka sake, ya ci da ratar 21,556, amma fa laifin ma'aikacin da ya manta tambari ne ya jawo duk wannan wahalar. Don haka tun da rana wakili ya sa ido ya ga ana buga tambari kafin a miƙa wa mai zaɓe takarda.

Kowace ƙasa da sunan da take kiran takardar rumfa: EC8A a Najeriya, 35A a Kenya, 17C a Indiya. Aikinta kusan ɗaya ne. Wakili ya duba lamba ta yi daidai da abin da aka rubuta da kalmomi, kowane gyara a sa masa hannu a gefe, sannan ya sa nasa hannun, ya karɓi kwafi, ya ɗauki hoto duka takardar ta fito har da tambari. Hoton da aka yanke rabinsa ba shi da amfani.

Na huɗu, wurin tattara sakamako. Ka ajiye mutum uku a ɗaki da kwamfuta suna shigar da lambobi daga hotuna yayin da suke shigowa, domin ka riga jami'in tattarawa sanin jimilla. Wakilinka na wurin tattarawa ya tafi da kwafin takardu a hannu, ya bi kowace rumfa da ake karantawa. In rata ƙanƙanuwa ce, ya nemi sake ƙirge kafin a bayyana wanda ya ci, bayan sanarwa ƙofar ta kusa rufuwa. Kada ka yarda magoya baya su fara murna da jita-jita, wakilai kan baro wurin aiki su bi shagali.

Kotu kuwa, ka ɗauki lauyan da ya san shari'ar zaɓe tun kafin ranar jefa ƙuri'a. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne, kwana 21 a Najeriya da Birtaniya, 28 a Kenya. Asalin takardun a haɗa su a jaka ɗaya bisa jerin lambar rumfa, a ba mutum ɗaya ajiya, a kuma riƙe lambar wayar kowane wakili don shi za a kira ya ba da shaida.