Darasi na 9: Saƙon da ba ka buɗe ba

Karatu

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari da ke Najeriya ke ci. Tun da asuba ƴan kabu-kabu daga ƙauyukan Dungas, a Nijar, ke kwasar mutane da kaya zuwa can, da la'asar su dawo da wasu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san babu katanga tsakanin Nijar da Najeriya. Gonar gero nan, gonar gero can, harshe ɗaya, sau da yawa ma kaka ɗaya. Turawan Faransa da na Ingila ne suka bi daji suna kafa turaku tsakanin 1906 da 1908, suka ce nan ƙasar wane, can ta wane. Tsawon iyakar ya kai wajen kilomita 1,500, tun daga yankin Gaya har tafkin Cadi. A Ɗan Barto da Tinkim akwai shinge, akwai ƴan duwan da ƴan sanda. Tsakaninsu kuwa hanyoyin amalanke ne da na awaki, waɗanda sai ɗan gari ya san inda suka ɓulle.

Shi ya sa mai mugun kaya yake neman ɗan gari. Shi ba ya hawa babur, ba ya shan rana. Yana zaune a inuwa, bayan talaka yake nema ya ɗora wa kayansa.

Wani ɗalibin ajinmu na dare, magidanci mai ƴaƴa huɗu, ya ba mu labarin abin da ya same shi. Yana cikin ɗaure buhun masara a bayan babur, sai ga wani mutum da babbar riga, riƙe da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina.

"Samari, ga ɗan saƙo ka sauke mini a Dungas. Wani zai tare ka a tasha."

"Mene ne a ciki, Alhaji?"

"Maganin mura ne na mai kanti. Ga jika biyar, ka sha mai."

Kuɗin ɗaukar kwali irin wannan, in ya yi tsada, jika guda ne. Sai gabansa ya faɗi.

"Alhaji, a yi haƙuri, in buɗe in gani?"

"Haba! Ashe ba ka yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai mana. Amma in jandarma ya tsayar da ni, ni zai tambaya, kai kana nan."

Mutumin bai ƙara cewa uffan ba, ya ɗauki kwalinsa ya shige cikin kasuwa. Ɗalibinmu ya ce tun daga nan har gida yana jin zafin jika biyar ɗin nan a ransa, da ya faɗa wa uwargida kuma ta ce ai shi kullum arziki na binsa yana gudu. Aji ya kwashe da dariya. Har yau bai san abin da ke cikin kwalin ba. Abin da ya sani shi ne a ɗakinsa ya kwana.

Me ake ɓoyewa?

Mafi yawa ƙwaya ce. Tramol, wato tramadol, asalinsa maganin ciwo ne da likita ke rubutawa, ƙwaya ɗaya miligiram 50 ko 100. Wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya yakan kai 225. Shi ne samari ke zubawa a shayi ko kofi don su yi aiki ba gajiya, daga baya ya kayar da su kamar masu farfaɗiya. Wanda ke zaune a Damagaram ba sai an kwatanta masa ba, ya gani a bakin tasha. Wani kayan kuma wucewa kawai yake yi, ya bi Tanut da Agadas zuwa Libiya. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na tabar wiwi a wani sito a Yamai. Tan ɗaya kilo dubu ne. Ku lissafa kwali nawa ke nan, da baya nawa za a nema.

Akwai kuma abin da ya fi ƙwaya muni: harsashi a tsakiyar buhun hatsi, da jarkokin mai da ake kai wa masu bindiga a daji. Babur ɗin ɗan ta'adda ba ya tashi sai da mai, kuma shi ba ya shiga gari ya saya. Wani ke kai masa. Mu tuna Difa. Bayan Boko Haram ta kai hari Boso da garin Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur, ta tsayar da cinikin kifi da tattasai don toshe wa ƙungiyar hanyar samun kuɗi. Ɗan kabu-kabun da bai taɓa ganin bindiga ba shi ma ya jingine babur ɗinsa.

Idan aka kama kaya, wanda aka samu da su a hannu shi ake fara tsarewa. "Ban san abin da ke ciki ba" magana ce da alƙali ya ji ta sau ba adadi, kuma mai gaskiya da maƙaryaci duk ita suke faɗa. Wanda ya ba ka saƙon kuwa, wayarsa a kashe take tun kafin ka isa ofishin jandarmomi.

Saƙo mai rai

Wani saƙon da ƙafafunsa yake tafiya. A ce maka, "Ga yarinyar nan, ka kai ta wurin gwaggonta." Ka tambayi yarinyar da kanka, ba a gaban wanda ya kawo ta ba: wa ya haife ki, ina za ki? A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, kuma yawancin matafiyan daga yankin Kance suka fito. Tun 2010 Nijar ke da dokar da ta haramta fataucin mutane, direban da ya ɗauka da saninsa yana ciki.

Haka layin waya. Kada ka ba da katinka na ɗan ƙasa a yi wa wani rajistar layi da shi. Duk kiran da aka yi da layin, sunanka ne zai fito.

Abin yi

Ga inda karatunmu zai yi amfani. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihu. Duk saƙon da za ka ɗauka, a buɗe shi a gabanka da gaban shaida, sannan ka rubuta rana, sunan mai bayarwa, lambar wayarsa, abin da ke ciki, da sunan mai karɓa. Mai kayan halal ba zai ji haushi ba, shi ma kariya ce gare shi. Wanda ya ƙi, ka ce masa babur ya cika.

In ka ga abin da ya tsaya maka a rai, ka faɗa wa mai unguwa ko mai gari, ko ka je wurin jandarmomi. A birni ana kiran ƴan sanda a lamba 17. Na san abin da za ku ce, don kun sha faɗa mini: wani mai kaki a shinge hannunsa yake miƙowa, ba takarda yake dubawa ba. Gaskiya ne, akwai su, kuma su ma ɓaraka ce a jikin iyaka. In an ce ka biya tara, ka nemi rasit, ka karanta adadin da aka rubuta. Yanzu ai ka iya.

Aikin gida

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka lura da ƙugiyar harafi: saƙo, ƙwaya, ɓoye, buɗe, shaida.

2. An ba ɗan kabu-kabu jika biyar ya kai kwali. An kama shi, ya yi wata shida bai yi aiki ba. Da yana samun jika biyu kowace rana. In wata kwana 30 ne, jika nawa ya rasa?

3. Buɗe shafin farko na littafinka, ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa don ka samu gida biyar, ka rubuta kan kowane gida: rana, mai bayarwa, lamba, kaya, mai karɓa. Ka zo da shi aji ranar Litinin.