Daga fili zuwa benci: yadda 'yar ƙwallon kwando take zama kociya a jami'ar Amurka

Gwiwata ta hagu ce ta sallame ni daga wasa. Ina buga wa wata ƙaramar ƙungiya a Turai jijiyar ta tsinke karo na biyu, likita ya duba hoton ya girgiza kai, na san an zo ƙarshe. Yanzu ni mataimakiyar kociya ce a wata ƙaramar jami'a a Amurka. Kwanakin baya wata ƙanwata da har yanzu take buga wasa ta kira ni, ta ce ita ma jiki ya fara yi mata magana, tana so ta san ta inda ake shiga wannan aiki. Abin da na faɗa mata shi ne zan rubuta a nan, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Ƙanwata, ki fara tun rigar wasa tana jikinki. Dawn Staley ce hujjata. An haife ta a 1970 a arewacin Filadelfiya, ta yi jami'ar Virginia, ta yi yawon wasa a Faransa da Italiya da Birazil da Sifaniya, ta ci zinare da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta 1996 da ta 2000 da ta 2004. A shekarar 2000, tana tsakiyar ganiyarta a ƙungiyar Charlotte Sting ta WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka, shugaban wasanni na jami'ar Temple, Dave O'Brien, ya neme ta da ta karɓi ƙungiyar matansu. Da farko ta ƙi, don ba ta taɓa ɗaukar kanta mai horarwa ba. Da ta karɓa kuma, sai ta haɗa taura biyu a baki har shekara shida: daga Mayu zuwa ƙarshen damina tana fili tana buga WNBA, daga Nuwamba zuwa Maris tana benci a Temple. Kakar biyun ba sa cin karo, shi ya sa abin ya yiwu. Sai a 2006 ta rataye takalmi, a lokacin kuwa ta riga ta zama kociyar da ake shakka.

Ba kowa za a miƙa wa ƙungiya sukutum kamar ita ba. Amma kowace 'yar wasa tana da hutun ƙarshen kaka. Ki yi amfani da shi. Jami'o'in nan suna shirya sansanin horar da yara a watan Yuni da Yuli, kuma kullum suna neman hannu. Ki rubuta wa kociyar da ta horar da ke, ko duk wata da ta san ki, ki ce kina so ki zo ki taya. Kuɗin ba shi da yawa, amma a nan ne za a ga yadda kike da yara, a nan ne kuma za ki gane ko kina son aikin da gaske.

Digiri kuwa dole ne. Idan ba ki kammala ba, ki kammala ko ta intanet ne, domin jami'a ba ta ɗaukar kociya ba takarda. Idan kina da na farko, akwai gurbin da ake ba ɗalibar digiri na biyu: ki taya kociyoyi aiki, jami'a ta biya miki kuɗin karatu da ɗan abin kashewa. Ta wannan ƙofa na shiga.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni wuya, kuma shi ne zan daɗe a kai. Abin da kika iya, a jikinki yake zaune, ba a bakinki ba. Makona na farko a atisaye, akwai wata yarinya 'yar shekarar farko da ta kasa juyawa da ƙwallo a ƙarƙashin kwando. Na karɓi ƙwallon na nuna mata, ta sake kuskurewa. Na sake nunawa da sauri, ta sake. A karo na huɗu na ɗaga mata murya a gaban kowa. Bayan an tashi babbar kociyarmu ta kira ni ofis, ta ajiye mini takarda da biro, ta ce in rubuta mata wannan juyin daki-daki, kamar ina yi wa wadda ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba bayani. Na zauna na kasa. Shekara da shekaru ina yin abin, ban taɓa sanin wace ƙafa ce take fara motsi ba. Daren nan na tsaya a ɗakina ina yi a hankali ina kallon ƙafafuna: ƙafar da aka kafa ba ta ɗagawa, a sauke ƙugu, a riƙe ƙwallo a ƙarƙashin haɓa da gwiwar hannu a buɗe, a leƙa ta kafaɗa a ga inda mai tsaro take, sannan a jefa ɗayar ƙafar bayan tata. Washegari na ba yarinyar haƙuri, na ba ta matakan ɗaya bayan ɗaya. Kafin sati ya zagayo ta iya.

Saboda haka ki sayi littafin rubutu yau. Duk atisayen da kocinku ya sa ku, ki rubuta shi da dare: mutum nawa, minti nawa, me ake son gyarawa, wace kalma ya faɗa da ta sa kowa ya gane. Ki rubuta har da wanda bai yi aiki ba, da dalilin da kike gani ya sa. Idan ke mai raba ƙwallo ce kamar Staley, kin riga kin saba kallon fili gaba ɗaya, kuma wannan gata ne. Idan doguwa ce ke da ta rayu a gindin kwando, dole ki zauna ki koyi aikin sauran wurare huɗun, don ranar da za a ba ki 'yan gefe ki horar babu mai sauraron uzuri.

Kada ki raina ƙaramar kujera. Niele Ivey ta ci kofin ƙasa da jami'ar Notre Dame a 2001, ta buga WNBA, amma da ta daina wasa aikin ofis ta fara a jami'ar Xavier. Ta koma Notre Dame a 2007 ta yi shekara goma sha biyu tana mataimakiya, ta yi kaka ɗaya da Memphis Grizzlies a gasar maza ta NBA, sannan a 2020 aka ba ta babbar kujerar Notre Dame. Tamu ta gida, Rena Wakama, ita ma da hidimar tafiye-tafiye da tsare-tsaren ƙungiya ta fara a kwalejin Manhattan kafin a ɗaga ta zuwa mataimakiya. Wadda ta iya shirya mota da masauki da abincin mutum ashirin ita ce ta ɗauki D'Tigress, tawagar matan Najeriya, ta ci kofin Afirka a Kigali a 2023, ta kai su zagayen kwata fainal a Olamfik ta Paris a 2024 bayan sun doke Ostireliya da Kanada, abin da wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba.

Suna yana buɗe ƙofa, amma ba ya cin wasa. Lindsay Whalen ta ci kofin WNBA sau huɗu da Minnesota Lynx, duk jihar tana ƙaunar ta. A 2018 jami'ar Minnesota ta ba ta ƙungiya ba tare da ta taɓa yin mataimakiya ba, bayan kaka biyar aka rabu a 2023, wasannin da aka ci ta sun ɗan ɗara waɗanda ta ci. Ban ga laifinta ba, a ganina an ɗora mata kaya ne kafin ta naɗa gammo. Idan ya zama an ba ki babban matsayi da wuri, ki yi abin da Staley ta yi: ta jawo Lisa Boyer, wadda ta taɓa horar da ita a tsohuwar gasar ƙwararrun mata ta ABL, ta zaunar da ita a gefenta a Temple, kuma tare suka koma jami'ar Karolina ta Kudu a 2008. Ki nemi wadda ta girme ki a aikin, wadda ba za ta ji nauyin ce miki kin yi kuskure ba.

Sai neman 'yan wasa, wanda shi ne rabin aikin, wasu ma su ce ya fi rabi. Watan Yuli a ɗakunan wasa za ki yi shi, daga safe zuwa dare, kina kallon 'yan sakandare. Za ki yi waya da iyaye, ki zauna a falonsu, ki amsa tambayar uwa kan wanda zai kula da 'yarta idan ta yi rashin lafiya. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana da dokoki kan lokacin da aka yarda a kira yarinya da lokacin da aka yarda a ziyarce ta, ki haddace su, don saƙo ɗaya a ranar da bai halatta ba yana iya jawo wa jami'a hukunci. Staley ta sha kashi a kakarta ta farko a Karolina ta Kudu, ta ci wasa 10 aka ci ta 18. Abin da ya juya akalar shi ne ta shawo kan 'yan jihar su zauna gida, musamman A'ja Wilson a 2014. Bayan shekara uku suka ɗauki kofin ƙasa na 2017, suka ƙara a 2022, a 2024 kuma suka buga wasa 38 ba a ci su ko ɗaya ba. Tun 2021 aikin ya ƙara nauyi: yarinya tana iya sauya jami'a ba tare da ta zauna shekara guda ba wasa ba, tana kuma iya karɓar kuɗin talla da sunanta. Wadda kika sha wuya kika kawo bara, bana sai kin sake lallashinta ta tsaya. Wannan yana ci mini rai wani lokaci, amma na tuna ni ma na sauya ƙungiya don neman inda ya fi mini, ba zan hana wata abin da na yi ba.

Ki tuna kuma ɗalibai ne. A cikin kaka doka ba ta yarda a riƙe su fiye da awa 20 a mako ba, ko fiye da awa 4 a rana, kuma dole a ba su hutun yini ɗaya. Ke da kika saba atisaye safe da yamma, sai kin koyi zaɓen abu biyu ko uku kawai da za a gyara yau. Agogon jifa ma, wato lokacin da ƙungiya take da shi kafin ta jefa ƙwallo a kwando, daƙiƙa 30 ne a jami'a, ba 24 da kika saba ba, wasan ya fi tafiya a tsanake. Wadda maki ya faɗi a aji ba ta shiga fili, don haka za ki tsinci kanki kina bin malamai da jadawalin jarrabawa.

Abu biyu a taƙaice. Ki koyi yanka faifan bidiyo da manhaja irin Synergy ko Hudl, domin aikin farko da za a ba sabuwar mataimakiya shi ne ta kalli wasannin abokan karawa ta fito da rahoto na shafi ɗaya ko biyu. Sannan ki tara kuɗin tikiti ki je taron ƙungiyar kociyoyin mata ta WBCA, wanda ake yi kowane Afrilu a garin da ake buga wasannin ƙarshe na gasar jami'o'i. Lokacin ne kujeru suke sauya hannu, kuma mafi yawan aikin a baranda da wajen shan shayi ake samun sa.

Idan aka kira ki ganawa, kada ki ɓata lokaci kan kofunan da kika ci, sun riga sun karanta. Ki je da littafin nan naki, da tsarin atisaye na minti 90 da kika rubuta da hannunki, da sunayen yara biyar da kika kalla kike ganin sun dace da ƙungiyarsu, da dalilin kowace. Ni a tawa ganawar sun miƙo mini alli suka ce in zana yadda zan fito da ƙwallo daga gefe idan saura daƙiƙa huɗu kuma ana bin mu maki biyu. Ki shirya guda biyu: ɗaya idan suna tsaron mutum da mutum, ɗaya idan sun tsare yanki.