Yadda nake bi da mafarki ba tare da zuwa wurin mai duba ba

Muna zaune a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Marusa muna tsinke zogale, ƙanwata ta ce, "Yaya, wai da gaske ne wanda ya yawaita ibada Allah kan buɗe masa ido ya riƙa ganin abin da zai faru?" Ashe mafarki ta yi haƙorinta ya fita, maƙwabciya ta tsorata ta da cewa mutuwa ce, ta kuma yi mata kwatancen wani mai bugun ƙasa, wai ba ya shan azumin Litinin da Alhamis, don haka ba ya kuskure. Abin da na faɗa mata shi zan faɗa miki.

Ki fara da sanin cewa gaibu na Allah ne shi kaɗai. Aya ta 65 a Suratun Namli ta yanke wannan magana. Ko mutum ya kwana yana nafila, ba zai san abin da gobe za ta haifar ba. Abin da aka bar wa mumini shi ne mafarki nagari, wanda Annabi (SAW) ya ce kashi ɗaya ne cikin 46 na annabta. A hadisin Muslim kuma ya ce wanda ya fi gaskiyar zance shi ya fi gaskiyar mafarki. To, nan ne imani ke aiki. Harshen da ya saba da ƙarya da rana, da wuya zuciyarsa ta ga gaskiya da dare.

Kafin ki kwanta ki yi alwala, ki karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki kwanta a gefen dama. Ki ajiye waya da wuri. Ni na lura duk daren da na cika ciki da tuwo bayan isha'i, shirme kawai nake gani.

In kin farka, ki tuna mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. In mummuna ne, ki yi tofi sau uku a hagunki, ki nemi tsari, ki juya kwanciya ko ki tashi ki yi salla, kuma kada ki ba kowa labari. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mana wuya mu mata, kuma ta nan ake kama mu. In mai kyau ne, ki gode wa Allah, ki faɗa wa mai ƙaunarki kawai.

Ina da ɗan littafi a ƙarƙashin matashi. Bayan sallar asuba nakan rubuta abin da na gani, da kwanan wata, da abin da na yini ina tunani. Ki gwada na wata uku, sannan ki koma ki karanta. Za ki tarar yawanci zancen zuci ne: ranar da na yini cinikin atamfa a kasuwa, atamfa na gani. Littafin yana hana ni riƙe guda ɗayan da ya dace in manta da tulin da bai faru ba.

Idan shawara ce ta dame ki, aure ko tafiya, ki yi istihara da kanki: raka'a biyu na nafila da addu'arta. Ba sharaɗi ba ne sai kin yi mafarki, kuma ba a sayen ta.

Duk wanda ya tambayi sunan mahaifiyarki, ya shimfiɗa yashi yana zane, ko ya ce a kawo baƙar kaza, ki ɗauki mayafinki ki fita, komai girman rawaninsa. Wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa dare 40.

Ƙanwata ba ta je ba. Da na matsa mata, ta ce dama haƙorin ya yi sati yana mata zogi in ta sha ruwan sanyi. Washegari na raka ta asibiti, aka tarar kogo ne, aka cike shi.